Fatarin Inna

Ni ce 'yar fari a ɗakin Inna, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana nemana sai ta ce "ke". In tana maganata da wani sai ta ce "waccan ta Maradi". Haka iyayenmu suke da ɗan fari, kunya ce, babu mai ganin laifinta a garinmu Tsibiri. Ana yaye ni gwaggona ta goya ni ta kawo ni Maradi, ita ta sa ni lakwal, wato makarantar boko, ita ta kai ni koyon ɗinki, ita ta aurar da ni. Inna kuwa in na je gaishe ta, akuyarta take kallo tana amsa mini. Ƙannena su hau mata jiki, su ɓata mata rai, ta bi su da zagi kowa da sunansa. Wallahi har zagin nan na yi sha'awa. Na taɓa kai ƙara wurin gwaggo ina kuka, ta dungure mini kai ta ce, "Sakarya! Ranar da kika ji sunanki a bakinta, ranar za ki yi kukan gaske." Ban gane ba a lokacin, na ɗauka lallashi ne irin na manya.

Ina da shekara arba'in da bakwai, har da jikoki biyu, Inna ta aiko a kira ni. Bayan girbi ne, damman hatsi jere a bakin hanya. Na hau adaidaita nan take, don ba ta taɓa aikowa a kira ni ba, na ce ko ciwo ne. Na iske ta lafiya lau tana tsince wake. Ta miƙe ta shiga ɗaki, ta ce, "Ke, taho." Ta saki labule. Ta jawo adakarta daga ƙarƙashin gado, ta kwashe zannuwa har ƙasa, ta fito da wani ƙunshi a cikin tsohon ɗankwali.

Fatari ne. 'Yan yanzu ba su san shi ba, su da suka tashi da siket mai roba. Ɗan guntun zane ne da mace ke ɗaurawa daga ƙugu zuwa gwiwa, a ƙarƙashin zanen da duniya ke gani. Wannan na farin saƙi ne, zaren hannu, an haɗa shi ƙwarya-ƙwarya, kowace ƙwarya faɗinta yatsa huɗu, da igiya biyu na ɗaurawa. Ya sha wanki har ya yi laushi kamar kunnen jariri, ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, wani wurin in ka ɗaga kana hango haske ta cikinsa.

Ta ce siket ɗin da matar ƙanena ke sayo mata, robar tana cin ƙugunta, fata ta tsufa ba ta ɗaukar matsi. Wannan kuwa ya gaji, in ta ƙara ɗaura shi zai rabe. Tana son irinsa sak. "Kuma ban son keke ya taɓa shi," in ji ta. "Da allura za ki yi, yadda uwata ta yi."

Na ce to. Ina shirin naɗewa sai ta riƙe bakinsa, ta shimfiɗa shi a kan gado. Ta nuna mini ƙwarya sha huɗu masu launi ɗaya, ta ce su ne uwarta ta ɗinka mata da za a kai ta ɗakin miji. Daga nan sauran launinsu ya bambanta, wata ta fi fari, wata ta fi kauri. Guda tara. Ta ce duk haihuwa, in ta gama wankan jego, sai ta ƙara ƙwarya ɗaya, don ƙugu yana buɗewa. Huɗu daga ciki akwai ɗan ɗinkin baƙin zare a samansu, bai fi tsawon gaɓar yatsa ba. Ban tambaya ba, na yi lissafi da kaina. Mu biyar ne a raye. Ni biyu kawai na sani sun rasu, ashe huɗu ne.

Sai ta ɗora yatsa a kan ta farko cikin taran, tana kallon bango, ta ce, "Wagga taki ce."

Jama'a, ban san yadda zan faɗa muku ba. Shekara arba'in da bakwai ina jiran magana ɗaya daga bakin matar nan, ashe tun ina cikin tsumma tana ɗaure da ni a ƙugunta. Na duƙar da kai don kada ta ga idona, don in ta ga hawaye za ta ji kunya ta kore ni.

Ta naɗe shi ta miƙo mini. Ta ce, "Mutum biyu suka taɓa ganin shi, uwata da ni. Ko ubanku bai taɓa ganin shi a shanya ba, a cikin ɗaki nike shanyar shi. Ke ce ta uku. Kada a yi ta huɗu."

Na ce, "In Allah ya yarda, Inna."

Neman saƙin ma aiki ne. Na zaga kasuwa kaf, sai yadin inji ake ta miƙo mini, wani yaron shago har yana yi mini dariya wai ko gidan tarihi zan buɗe. Da ƙyar aka yi mini kwatancen wani tsoho a Jiratawa, can bayan garake, wanda masaƙarsa ba ta mutu ba tukuna. Na je na same shi a gindin bedi, itacen da wasu ke ce wa dogon yaro. Ban nuna masa fatarin ba, da yatsuna na gwada masa faɗin, na ce fari nake so, zaren hannu, ƙwarya ashirin da uku. Ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, wanga awo na san shi. Rabon da a tambaye ni shi tun matata tana da rai." Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarsa da har yanzu take kaɗi, ita za ta yi zaren. Ya ce in dawo bayan sati uku.

Kafin saƙin ya zo na ce bari in gwada hannuna a kan ƙyallaye. A nan na san cewa shekara talatin ina taka keke amma ban iya ɗinki ba. Duk yadda na haɗa, sai gaɓar ta tashi ta yi tudu. Na kakata kuwa, ka rufe ido ka shafa, ba za ka san inda wata ƙwarya ta ƙare wata ta fara ba. Na juya shi gaba da baya, na sa tabarau, na fita da shi bakin taga. Zaren ya shige cikin saƙin ya ɓace. In na kai wa Inna mai tudu, ai gara robar da take kuka da ita.

To ga inda na yi wa kaina. Ina da aminiya, shagonmu ɗaya a Sabon Gari shekara ashirin da biyu, kekenta yana fuskantar nawa. Tare muka koyi ɗinki. Ita ta riƙe ni a haihuwata ta fari, ni na zauna da ita kwana arba'in da mijinta ya rasu. Kwano ɗaya muke ci da rana. Hannunta ya fi nawa a aikin allura, wannan ko maƙiyinta ya sani. Wata ranar Asabar da ba kowa a shago, na tura ƙofa, na kwance ɗankwalin na nuna mata.

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, ba ɗinkin kaɗai ya sa ni ba. Da ɗinkin ne kawai, da gefe ɗaya zan buɗe mata in rufe sauran. Maganar Inna ce ta cika mini ciki tun ranar, ina neman wanda zan gaya wa. Sai na gaya mata duka, da ƙwarya taran, da baƙin zaren, da "wagga taki ce". Har ta yi hawaye, wallahi da idona na gani. Na ce mata amana ce, Inna ta ce kada a yi ta huɗu. Ta dafa ƙirji ta ce, "Haba ƙawa, ni ce fa! Uwarki ai uwata ce. Ba ni shi in tafi da shi gida, gobe Lahadi in zauna a haske in gano miki bakin zaren."

Sai na ji kunyar in hana ta, matar da ta san duk abin da ke cikin ɗakina. Na ba ta.

Ran Litinin ta dawo da shi a naɗe, kuma ta gano ɗinkin, ba zan ci haƙƙinta ba. Ashe ba a ɗora ƙwarya kan ƙwarya. Baki da baki ake jera su, allura ta tsinci zare ɗaya a wannan gefe, ta tsinci ɗaya a wancan, kuma ba a ja da ƙarfi, sai a bar zaren ya kwanta da kansa. Zaren ɗinkin ma daga jikin saƙin ake zare shi, shi ya sa ba a ganinsa. Ta kama hannuna ta nuna mini har na iya. Da na koma gida na buɗe fatarin, na ga wasu 'yan ƙananan huji huɗu a kusurwoyinsa. Na ce ko asu ne ya taɓa shi, na sa masa kanumfari na mayar cikin akwati.

Saƙi ya zo, fari tas, yana ƙamshin auduga. Kwana goma sha ɗaya na yi ina ɗinkin nan a gidana a unguwar Zariya, nan cikin Maradi, kullum bayan azahar in na dawo daga shago. In kulle ɗaki, in zauna kusa da taga. Yatsana ya huje ya warke ya sake hujewa. Maigidana yana ta tsokanata wai ko rigar sarki nake ɗinki da ake kulle ƙofa. Ni kuwa ban taɓa jin daɗin wani aiki kamar wannan ba. Ina ɗinki ina shirya yadda za a yi, zan miƙa mata, ta shafa gaɓar da yatsa, ta kalli bango ta ce "ya yi". Iyakar abin da nake so ke nan.

Saura ƙwarya biyu matar ƙanena ta kira ni a salula. Ko gaisuwar kirki ba ta yi ba, ta ce, "Yaya, kin ga abin da ke yawo?" Na ce me? Ta ce bari ta turo mini.

Bidiyo ne na wani baje kolin kayan gargajiya da wata ƙungiyar mata ta shirya. Ga ƙorai, ga faifai, ga tukwane. Sai aka juyo, ga fatarin Inna a baje jikin allo, an kafe kusurwoyinsa huɗu da ƙananan ƙusoshi. Ga aminiyata tsaye a gefensa cikin shaddarta ta zuwa biki, da makirfo a hannu, tana nunawa da tsinken biro. Maza tsaye suna kallo, wasu sun ɗaga waya. Tana cewa wannan fatarin wata tsohuwa ne a Tsibiri, mahaifiyar abokiyar aikinta, tana nan da ranta. Tana ƙirga ƙwaryoyin da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku, har tara. Ta zo kan baƙin zaren ta sassauta murya kamar mai wa'azi, ta ce waɗannan su ne 'ya'yan da suka mutu. Aka yi tafi. Wani ƙato ya miƙa hannu ya taɓa bakinsa yana jin laushin.

Ranar Lahadin nan ce. Ranar da ta ce za ta zauna a haske.

Ban san lokacin da na yafa mayafi ba. Takalmi ma wari-wari na sa. Na iske ta a shago tana datsa wuyan riga, ga wata takardar yabo an sa ta a gilashi an rataye bisa kanta, kwana nawa ina ganinta ban karanta ba. Na ajiye mata wayar a kan keke. Ta kalla, ko gezau. Ta ce, "Au, kin gani? Da ma ina son in gaya miki, na ga kin shagala ne."

Na ce, "Amanar da na ba ki ke nan?"

Ta ce, "Haba ƙawa, mene ne a ciki? Ban faɗi sunanta ba fa. Al'adarmu muke rayawa, abin alfahari ne. Kin san mutum nawa suka ce a ɗinka musu irinsa? Ke ma za ki samu aiki."

Na ce, "Tsiraicin uwata kika kafe da ƙusa a gaban maza, kina ce mini aiki?"

Sai ta ɗaure fuska ta ce, "Ke kin cika ɗaukar abu da zafi. Tsumma ne fa. Kuma in amana ce, ai ke aka ba, ba ni ba."

Wannan ta ƙarshen ita ta fi suka ta, don gaskiya ce, kuma ta san gaskiya ce shi ya sa ta ajiye ta sai ƙarshe. Na yi niyyar zaginta, amma abin da ya fito kawai shi ne "Allah ya isa". Na fita na kira mai kura, aka ɗora kekena da teburina da buhun ƙyallayena. Maƙwabtan shago suka fito suna ba da haƙuri ba su ma san me ya faru ba. Tana zaune tana ci gaba da datsa wuyan rigarta. Har yau in na tuna hawayen da ta yi ranar Asabar ɗin nan sai in ji zuciyata tana tafasa, don ban sani ba ko tun a lokacin tana auna yadda zai zauna a jikin allo.

Na sake kiran matar ƙanena, na ce don Allah kada Inna ta gani. Ta ce ai an makara. A gidan suna aka nuna mata. Mata sun taru kan wayar wata yarinya, sai wata ta ce, tsohuwar Tsibiri mai ɗiya tela a Sabon Gari, ai ba sai an faɗi suna ba. Suka miƙa wa Inna wayar suna dariya, wai ta zama tauraruwa. Wata ma cewa ta yi, "Ashe huɗu kika rufe, ba mu sani ba." Inna ta kalla har ƙarshe, ta miƙa musu wayarsu, ta nemi takalminta ta tafi gida. Ko tuwon sunan ba ta ci ba.

Na ƙarasa ƙwarya biyun da suka rage, don ban san abin da zan yi da hannuna ba in ba haka ba. Na wanke shi, na shanya a cikin ɗaki. Na naɗe sabon da tsohon a ɗankwalinta, na kama hanyar Tsibiri da hantsi. Tun daga gada nake haɗa maganar da zan yi ina warwarewa.

Na yi sallama. Inna tana tsakar gida, ga matar ƙanena, ga wasu maƙwabta biyu. Ta ɗago ta dube ni cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta yi murmushi. Sai ta kira sunana, sunan yanka, tiryan-tiryan, ta ce, "Maraba, maraba. A kawo wa baƙuwa tabarma."

Na zauna a kan tabarmar. Da bakinta ta sa aka kawo mini ruwa a kwanon baƙi. Ta tambaye ni maigida, ta tambaye ni yara da jikoki, ta tambaye ni kasuwa, duk tana kallona, duk tana maimaita sunan. Maƙwabtan suna ta murna, ɗaya har tana cewa yau wace rana. Ni kuwa maganar gwaggo ce kawai take dawo mini.

Da suka tafi na bi ta ɗaki. Ba ta saki labule ba. Na durƙusa na ce, "Inna, na yi kuskure, ki gafarce ni. Ɗinkin ne ya gagare ni, na nuna mata, ta ci amanata."

Ta ce, "Ita ban ba ta komi ba."

Ta karɓi ƙunshin ta kwance. Ta ɗauki sabon, ta rufe ido ta bi gaɓoɓin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, yadda na yi ta hasashe. Ta ce, "Ya yi. Kin iya aiki, Allah shi yi albarka." Ta ajiye shi gefe. Sannan ta shimfiɗa tsohon a cinyarta, ta shafa hujin ƙusoshin nan huɗu. Ta laluba bisa taga ta ɗauko reza. Ina durƙushe ina kallo ta fara farke ɗinkin ƙwarya ta farko cikin taran, a hankali, zare bayan zare, ba ta yanki saƙin ko kaɗan ba. Ta farke gefe ɗaya, ta juya ta farke ɗayan. Na ce, "Inna, don Allah." Ba ta ɗago ba. Da ta gama ta naɗe ƙwaryar sau uku ta sa mini a hannu.

Ta sake kiran sunana ta ce, "Ga taki. Tashi ki tahi tun da sauran rana."

Shekara uku ke nan. Ƙwaryar tana cikin aljihun kekena, tare da allurai da alli. Aminiyar tawa na ji ta buɗe wani shago ta rubuta kayan gargajiya a ƙofa, in mun haɗu a biki sai kowa ya kalli gabansa. Inna tana nan da ranta, ta ƙara tsufa, matar ƙanena ta ce sabon fatarin take ɗaurawa kullum kuma ƙugun ya warke. Duk wata ina zuwa gaishe ta. Tana tarbata da fara'a, ta sa a shimfiɗa mini tabarma, ta kira sunana a gaban kowa. Ranar sallar da ta wuce autarmu ta rungume ni tana dariya, ta ce, "Yaya, ke kam kin ji daɗi, Inna ta saki jiki da ke a ƙarshe." Na ce mata e, na tashi na shiga bayan gida na daɗe ban fito ba.